Benaye a unguwa: cunkoso za a ƙara mana ko gyara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Hukumar tsara birninmu ta fitar da wani babban tsari wai na shekara 25 masu zuwa, a ciki an ce unguwannin da a da gida ɗaya kawai ake yarda a gina a fuloti ɗaya, yanzu za a bari a yi bene hawa huɗu ko biyar na haya. Ni dai gani nake cunkoso za a ƙara mana, ruwan ma bai ishe mu ba yanzu, kuma ina tsoron masu kuɗi ne zasu ci moriya a tura talaka bayan gari. Sannan wa ya san me zai faru nan da shekara 25 da har ake tsara shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce tushen sauran. Gaskiya ne ba wanda ya san gobe sai Allah, amma akwai abubuwan da in baka ware musu wuri yau ba toh shikenan, sai dai a zo da rusau da biyan diyya da kuka. Titi, hanyar ruwan sama, filin makaranta, filin asibiti, wurin da bututu zai bi. Gida ana rushe shi a sake gini bayan shekara hamsin, amma titi in an shata shi yakan yi ɗaruruwan shekaru a wurin. A 1811 aka zana titunan Manhattan a birnin New York na Amurka lokacin da mafi yawan wurin gonaki ne da duwatsu, yau sama da shekara 200 a kansu ake tafiya. Shiyasa a aikinmu na tsara birane ba ma cewa mun san gobe, kawai muna kama filin da ba zai kamu ba in an makara, sauran kuma a riƙa dubawa ana gyarawa. Singafo tun 1971 haka take yi, babban tsarin dogon zango suna sake duba shi kamar duk shekara goma, ƙaramin da ake aiki da shi kullum kuma duk shekara biyar.

Toh maganar cunkoso. Nan ne mutane da yawa suke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai yawan mutane a kan fili, akwai kuma matsuwar mutane a cikin ɗaki. Mutum takwas a ɗaki ɗaya da banɗaki ɗaya na gida goma, wannan shine cunkoson da ke kawo cuta, kuma yawanci ma a gidajen ƙasa ake samunsa, ba a bene ba. Amma iyali takwas a fuloti ɗaya kowa da sashensa da tagarsa da banɗakinsa, wannan wani abu ne daban. Ka ɗauki Paris, kusan mutum 20,000 ne a kowane murabba'in kilomita, tana cikin biranen da suka fi cika a Turai, amma mafi yawan gine-ginenta hawa shida ko bakwai ne kawai, ba dogayen hasumiyoyi ba. Kaga hawa huɗu ko biyar ɗin da ake faɗa muku ba wani abin tsoro ba ne a karan kansa.

Abinda ya fi ba ni tsoro ni shine birnin da ya ƙi hawa sama, domin mutane ba daina zuwa zasu yi ba, sai garin ya riƙa yaɗuwa kamar ruwan da aka zubar a tsakar gida, yana cinye gonaki da fadamu da wuraren da ruwan sama ya saba kwanciya, daga baya a zo ana mamakin ambaliya. Wani masani Alain Bertaud ya taɓa kwatanta Atlanta ta Amurka da Barcelona ta Sifaniya da alƙaluman 1990: yawan jama'arsu kusan ɗaya, miliyan 2.5 da miliyan 2.8, amma ginin Atlanta ya mamaye kusan murabba'in kilomita 4,280, na Barcelona kuma 162 kacal. Ka yi tunanin tsawon bututun ruwa da wayar wuta da kwalta da za a ja a na farkon, da kuma wa zai biya kuɗin gyaransu duk shekara. Kuma bas ko jirgin ƙasa ba ya iya riƙe kansa in gidaje sun warwatsu, don ba fasinjan da zai cika shi, sai kowa ya koma neman abin hawansa, hayaƙi ya ƙaru, wanda ba shi da mota kuma ya zama kamar an ɗaure shi. Maganar kare muhalli da kake ji ana yi a irin waɗannan takardu mafi yawanta a kan wannan batun take.

Amma ruwan da ka ambata, kana da gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma kada ka bari a rufe maka baki da zancen Paris. In aka ninka mutanen unguwa sau huɗu aka bar bututu da lambatu da tiransifoma yadda suke, wahala aka ninka. Birnin Curitiba na Birazil abinda ya sa ake misali da shi, a 1974 suka fara bas mai hanyarta ita kaɗai, sannan suka ce dogayen benaye a gefen wannan hanyar za a yi su, kana nisa da ita gini na raguwa. Wato an ɗaura yawan gidaje da abinda zai ɗauke su. Haka ya kamata, izinin bene ya tafi tare da jadawalin aikin ruwa da magudana, kuma mai ginin ya biya wani kaso na wannan aikin tunda shi izinin ya ƙara wa filinsa daraja, ba gumin goshinsa ba ne ya ƙara ta, sa hannun hukuma ne.

Saura maganar talaka, wadda ita ta fi damuna. Dokar gida ɗaya a fuloti ɗaya da kake ganin kamar tana kare ku, a wurare da yawa ita ce katangar da ta hana mai ƙaramin ƙarfi zama kusa da wurin aikinsa, saboda in doka ta ce sai babban fili sai gida guda, ta riga ta zaɓi wanda zai iya zama a wurin tun kafin ya zo. Shiyasa Minneapolis ta Amurka ta amince a 2018 a yi har gida uku a fulotin da a da ɗaya ne, Auckland ta New Zealand ma a 2016 ta sassauta dokar a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamanta, kuma gine-gine sun ƙaru sosai bayan haka. Sai dai ƙarin gidaje kaɗai ba ya tsare ɗan hayar da ke zaune a gidan da za a rushe gobe. Mai gida zai sayar ya samu riba, dillali ya samu lada, ɗan haya kuma a ba shi notis, ya koma can inda zai riƙa kashe awa uku a hanya kullum da rabin albashinsa a kuɗin mota, yaransa su canza makaranta, matarsa ta rasa masu sayen sana'arta. Na zauna a tarurruka da yawa inda aka yi awanni ana maganar tsawon gini da wurin fakin, ba wanda ya ɗaga hannu ya tambayi ina mutanen nan zasu je, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Akwai magani kuma an gwada. Gundumar Montgomery a jihar Maryland ta Amurka tun 1974 take tilasta wa masu manyan gine-gine su ware wani kaso na gidajen a farashi mai sauƙi. Birazil ta yi dokar birane a 2001 wadda ta ba garuruwa damar shata wasu yankuna musamman don gidajen masu ƙaramin ƙarfi, har da unguwannin da mutane suka gina ba takarda, a gyara musu a inda suke maimakon a kwashe su. Vienna ta Ostiriya tana da gidajen haya na hukuma kusan 220,000 a warwatse cikin gari. Warwatsawar nan tana da muhimmanci, don in ka tara talakawa zalla a benaye a gefe guda ka bar su ba gyara ba aiki, zaka samu irin rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin St. Louis na Amurka, benaye 33 masu hawa 11 da aka gama a tsakiyar shekarun 1950, zuwa 1972 an fara rushe su.

Don haka in an kira taron jin ra'ayin jama'a ka je, ku tafi da ƴan haya ba masu gidaje kaɗai ba. Ka nemi taswirar ka duba ko unguwannin manya ma an sa musu benen ko ku kaɗai aka ɗora wa, don wannan ne yake fara nuna gaskiyar tsarin. Ka tambayi wace shekara za a sa sabon bututu kuma daga wane asusu, kashi nawa na sabbin gidajen aka ware wa masu ƙaramin ƙarfi kuma na tsawon shekara nawa, da abinda aka tanada wa wanda za a tayar. In sun ba da amsa da baki, ku ce a rubuta ta cikin takardar kafin a sa mata hannu.