Na cire wa ɗana alkama da madara, yanzu cikinsa ya ɗaure

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Dan Allah ki taimaka min da shawara, ina da yaro ɗan shekara 5 mai galahanga (wato autism), baya magana sai kalma ɗai-ɗai, kuma tun asali abincinsa bai wuce Indomie da burodi da shayi mai madara da yogot ba. A wani gurup ɗinmu na iyaye a WhatsApp aka ce in dai muka cire musu alkama da duk wani abu na madara za su samu sauƙi har su fara magana, shine na cire duka rana ɗaya yau sati uku kenan. To yanzu ba abinda yake ci sai farar shinkafa da soyayyen dankali, yana yin kwana biyar bai yi bayan gida ba sai kuma inga wani ruwa-ruwa a wandonsa kamar zawo, da daddare ihu da cizon hannu, yana ta danna cikinsa a hannun kujera. ’Yan gurup sunce guba ce ke fita in daure, surukata kuma tace a jiƙa masa maganin wankin ciki. Wallahi na rasa yadda zanyi. Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumussalam ’yar uwa, sannu da fama, Allah ya ba yaronmu lafiya ya ba ki ladan haƙuri. Wanda bai raini irin yaran nan ba bazai gane abinda ke sa uwa ta gwada duk abinda taji ance yana taimako ba, dan haka kar ki zargi kanki. Amma maganar guba ce ke fita ɗin nan ki ajiye ta gefe tun yanzu, ba wata guba, yaron nan ciwon ciki yake kuma bashi da bakin faɗa miki, danna cikin da yake a kujera da cizon hannun shine maganarsa.

Abinda kika kwatanta yafi kama da cushewar ciki, kuma ruwan da kike gani a wandon nan ba lallai zawo bane. In bayan gida ya daɗe a hanji hanjin na ta tsotse ruwan jikinsa har ya sandare yayi tauri ya tare hanya, sai sabon da ke zuwa daga sama mai ruwa ya dinga silalowa ta gefensa, kamar kwatar da shara ta toshe ruwa na bi ta gefe, yaro ma bai san ya fito ba. Iyaye da yawa anan suke ruɗewa su je kemis su sayo maganin tsayar da gudawa, abu ya ƙara ɗaurewa. Dan Allah kar ki bashi. Shi kuma jiƙon wankin ciki na Hajiya, ki lallaɓa ta cikin ladabi ko ki sa babansa ya mata bayani, sabida ba wanda ya san ƙarfin abinda ke ciki kuma zai iya tsiyaye ruwan jikin ƙaramin yaro cikin ’yan awoyi.

Ki kaishi wajen likitan yara a satin nan, tunda kina Zariya ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ke. Za a taɓa cikin a ji, a auna nauyinsa da tsawonsa, in cushewar ce yawanci ana bada magani mai tausasa bayan gida irin su lactulose ko macrogol, a fara da wanke abinda ya taru sannan a cigaba da ɗan kaɗan kullum na tsawon watanni, sabida hanjin da ya buɗe ya saki yana ɗaukar lokaci kafin ya koma daidai. Kuskuren da ake yawan yi shine da yaro yayi kashi sau biyu sai a ajiye kwalba, bayan sati biyu a dawo gidan jiya. Ki faɗa wa likitan duk maganin da yake sha, dan maganin ƙarin jini da wasu magungunan da ake ba yara masu galahanga dan natsuwa irin su risperidone suna ɗaure ciki, ki kuma tambaya ko lokacin maganin tsutsar ciki yayi. In kuwa kika ga amai kore, ko jini a bayan gida, ko cikin ya kumbura yayi tauri kamar ganga, ko zazzaɓi, ko ya daina fitsari idonsa ya faɗa, to wannan ba na jiran gobe bane, ko tsakar dare ne ki ɗauke shi ku tafi.

Yanzu maganar abincin kansa. Gaskiya ne yara masu galahanga sun fi sauran yara fama da ciki, wani nazari da ya tattara bincike da dama wanda aka buga a mujallar likitocin yara ta Amurka a 2014 ya nuna yiwuwar su samu cushewar ciki ko gudawa ta ninka ta sauran yara fiye da sau uku. Amma cewa cire alkama da madara na maganin galahangar ita kanta, wannan bai tabbata ba. A jami’ar Rochester ta Amurka an sa yara 14 a wannan tsarin abinci, sannan aka dinga saka musu sinadarin alkamar ko na madarar a ɓoye cikin abin taɓawa ba tare da iyaye ko masu lura sun san ranar da aka saka ba, sakamakon da aka fitar a 2016 bai nuna wani bambancin a zo a gani ba a halayyarsu ko barcinsu ko bayan gidansu. Hukumar NICE ta Birtaniya mai tsara ƙa’idojin jinya ma tun 2013 tace kar a yi amfani da irin wannan cire-ciren abinci a matsayin maganin galahanga. Na san za ki ce ai wance a gurup tace ɗanta ya canza, kuma bazan ƙaryata ta ba, akwai yaran da da gaske madara bata karɓe su ba ko alkama ke ɓata musu hanji, in aka cire ciwon ya tafi dole yaro ya natsu yayi barci ya saurari mutane. Ciwon cikin ne aka magance, kuma ba kowane yaro ke da wannan matsalar ba.

Shiyasa gwaji ke da muhimmanci. Akwai cutar da ake kira siliyak, wadda garkuwar jiki ke lalata bangon hanji in mutum yaci alkama, ana gano ta da gwajin jini amma sai mutum yana kan cin alkamar gwajin ke nunawa. Tunda kin cire sati uku dole ki faɗa wa likita, zai iya cewa a maido masa da ita kullum na kamar sati shida kafin a ɗebi jinin.

Abinda ya fi damuna a wasiƙarki shine yaro mai abinci kala huɗu aka ɗauke duka huɗun rana ɗaya. Shayin nan da yogot ɗin su ne ruwan da yake sha a yini, su ne kuma inda yake samun kalsiyam na ƙashi da haƙori da ɗan furotin ɗinsa, yanzu sai shinkafa fara da dankali wanda kusan ba harza a ciki (wato dusa-dusa da zare-zaren cikin hatsi da ganye da ke taimaka wa bayan gida fita), to dame hanjin zai tura? An taɓa auna ƙashin yara maza masu galahanga a Amurka aka ga waɗanda aka hana madara nasu ya fi sirantaka. Ni a ganina ki maido masa da ɗaya cikin biyun, in ba ki taɓa ganin madara ta sa shi ƙuraje ko amai ko zawo ba to ki maido da yogot ɗin da shayin, cikin ya daidaita tukunna. In har kina son gwadawa daga baya ki yi da sanin likita ko masanin abinci na asibiti, abu ɗaya a lokaci ɗaya na kamar wata guda, ki samu ɗan littafi kina rubuta me yaci, yaushe yayi bayan gida kuma yaya kamarsa, yaya barcinsa. In ba canji ki maido masa abinsa.

Mu kam Allah ya mana gata, in ma ya tabbata sai an bar alkamar ba sai kin sayi fulawar waje mai tsada a babban kanti ba. Tuwon masara, tuwon dawa, na shinkafa, gero, acca, doya, rogo, wake, duk ba sinadarin alkama a cikinsu. Inda take ɓuya shine semo, taliya, gurasa, alkubus, funkaso, fanke, cincin, da ɗanwake ko masar da aka haɗa da fulawa. Miyar kuka da kuɓewa da zogale ga harza ga kalsiyam, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya suma haka, gwanda da mangwaro da kankana da lemon zaƙi kuma suna sassauta ciki. Amma a hankali, in kika ɗura masa wake da ganye lokaci guda kumburi da tusa za su dame shi, kuma harza ba ruwa ƙara toshewa take.

Na san za ki ce ai bazai ci ba. Irin yaran nan sau da yawa laushi ko santsi ko ƙamshin abu ne ke korarsu, ba taurin kai bane, ɗura kuma ƙara tsanar abincin take sa su. Ki ɗora ɗan tsinken gwanda kamar kan yatsa a gefen farantin shinkafarsa, ko ya ture ki bar shi, gobe ki sake, yau ya kalla jibi ya taɓa wata rana ya sunsuna, ana iya kaiwa sau goma sha kafin ya kai baki. Tunda yana son abu mai ƙaras-ƙaras irin soyayyen dankali ki gwada dankalin Hausa a yanka shi siriri iri ɗaya, ko ƙosai. Ruwa kuma a kofin da ya saba da shi, kaɗan-kaɗan duk yini musamman da zafin nan.

Sai ki saba masa zama a fo ko masai minti biyar bayan karin kumallo da bayan abincin dare, dan lokacin hanji ke motsi da kansa. Tsuguno ya fi, in masan zama ne ki sa masa ’yar kujera ya taka gwiwarsa ta ɗan ɗaga sama da ƙugu, ki riƙe masa abin wasan da yake so, ba faɗa ba duka ko yayi a wando.

Abu na ƙarshe, in wani a gurup ɗin ya kawo tallan wani ruwa da ake kira MMS wai yana wanke galahanga, bilic ne, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019 sabida yana jawo amai da gudawa mai tsanani har ya kai ga halaka. Ki faɗa wa sauran iyayen suma. Ki rubuto min bayan kun ga likita inji abinda yace da yadda nauyin yaron yake.