KNUST ko jami'ar kuɗi a Akra?

Ɗan uwa, kana tambaya ko ka karanta lauya a jami'ar gwamnati ta KNUST nan Kumasi ko baba ya ci bashi ka tafi jami'ar kuɗi a Akra. Ka tsaya KNUST kawai, kana kwana gida a Aboabo, motar trotro ɗaya ka isa Tech, wato KNUST ɗin, ba kuɗin hayar ɗaki.

Ai digirin LLB, wato digirin farko na lauya, shi kaɗai ba ya sa mutum ya zama lauya, a lokacinmu sai ya bi ta makarantar horar da lauyoyi, Ghana School of Law, shekara 2 da wani kuɗin daban, ni a nan aljihuna ya ƙare wallahi har mashin ɗina na sayar. Amma in manyan ofisoshin lauyoyi kake hari, riƙa zuwa Akra lokacin hutu kana koyon aiki, can suka fi yawa.