Tambaya da Amsa: LCM ake so ko HCF, ta ya zan gane?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina shirin jarabawa, kuma wallahi matsalata ɗaya ce a lissafi, in aka bani lambobi kawai akace nemo LCM ɗinsu ba damuwa ina yi, amma da zarar an saka su cikin labari sai kaina ya kulle in rasa LCM ake so ko HCF. Ga wacce ta kayar dani satin da ya wuce: ƙararrawa uku, ɗaya tana bugawa duk bayan minti 12, ɗaya duk bayan 18, ɗaya duk bayan 30, sun buga tare ƙarfe 8 na safe, yaushe zasu sake bugawa tare? Ni HCF na nema na samu 6 sai na rubuta 8:06, aka kashe min. Dan Allah a taimaka.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya bada sa'a a jarabawar. Kafin mu taɓa wani lissafi inaso ki kalli amsarki da kyau, 8:06. A wannan lokacin wace ƙararrawa ce ma ta sake bugawa? Babu ko ɗaya, wacce ta fi sauri sai 8:12 zata buga. Kinga tun daga nan amsar ta tona kanta, da kin tsaya kin tambayi kanki wannan da baki miƙa takardar haka ba. Shi yasa kullum nake roƙon ɗalibai su karanta labarin kamar abu ne da yake faruwa a gabansu, kar su tsinci lambobin kawai su watsar da maganar.

Ga yadda zaki rarrabe LCM da HCF. LCM ita ce lamba mafi ƙanƙanta da duk lambobin da aka baki suke raba ta ba saura, HCF kuma lamba mafi girma da take raba su duka ba saura. In abubuwa ne suke ta maimaituwa, kowanne da nashi tazarar, ana tambaya yaushe zasu sake haɗuwa, to LCM ne, don haɗuwar tana can gaba, dole amsar ta kai babbar lambar da aka baki ko ta wuce ta. In kuma abu ne a hannu ake so a yanka ko a raba shi daidai wa daida ba saura, misali igiya mai mita 12 da mai 18 a yanka su guntu-guntu tsayi ɗaya mafi tsawo da zai yiwu, wannan HCF ne, kuma amsar ba zata wuce ƙaramar lambar ba tunda ba'a yanko guntun da ya fi igiyar tsawo. Ni na fi yarda da wannan tunanin akan haddar kalmomi irin "in kinga mafi ƙanƙanta LCM ne", saboda masu saita tambaya suna canza lafazi, amma labarin shi baya canzawa.

To mu koma ƙararrawar. Ta farko 12, 24, 36, 48 har gaba, ta biyu 18, 36, 54, kinga waɗannan biyun sun haɗu a 36 amma ta ukun bata nan, ita 30, 60, 90 take tafiya. Zaki iya ci gaba da jerawa har ki kama su, sai dai yana cin lokaci, gara ki farfasa su. 12 shine 2×2×3, 18 shine 2×3×3, 30 kuma 2×3×5. Kowace lamba ki ɗauke ta a inda ta fi yawan fitowa: 2 sau biyu daga 12, 3 sau biyu daga 18, 5 sau ɗaya, sai ki ninka 2×2×3×3×5 ya baki 180. Kar ki tsaya anan, nan ne da yawa suke zubar da maki bayan sun gama wahala. Ba'a ce minti nawa ba, "yaushe" akace. Minti 180 awa 3 kenan, amsar ƙarfe 11 na safe.

Tambaya: Malam barka da aiki. Yarona ya samo wata hanya, duk tambayar LCM sai kawai ya ninka lambobin da juna, kuma abin mamaki wani lokacin yana ci. Na ce masa ba haka bane amma na kasa masa bayanin dalili, shi kuma ya kafe.

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, na ji daɗi da kake zama dashi kuna dubawa tare. Yaron bai ɓata gaba ɗaya ba, in ka ninka lambobi biyu tabbas zaka samu wurin da suke haɗuwa, sai dai ba lallai ya zama haɗuwar farko ba, ita kuma ake nema. Yana ci ne a duk lokacin da lambobin basu da wata lamba da take raba su duka in banda 1, kamar 4 da 9, LCM ɗinsu 36 ne. Amma bashi 6 da 8, zai ce 48, alhali tun a 24 sun riga sun haɗu, saboda akwai 2 a cikin kowannensu shi kuma ya ƙirga ta sau biyu.

Ka bashi misalai biyu na gaske, yara sun fi riƙe irin wannan. A Amurka akwai wasu ƙwari masu kuka kamar gyare da suke zama ƙarƙashin ƙasa, wasu sai bayan shekara 13 suke fitowa wasu sai 17. Rukuni biyu daga cikinsu sun fito tare a 1803, basu sake haɗuwa ba sai 2024, shekara 221 kenan, 13×17 cif, anan hanyar yaronka ta yi aiki. Amma tsohuwar kalandar Sin tana haɗa zagaye mai 10 da mai 12, kuma shekara 60 take yi ta dawo farko, ba 120 ba. Sai ka barshi ya nemo dalili da kansa. In yana son ninkawar tashi ya riƙe ta, kawai ya raba abin da ya samu da HCF ɗin lambobin, 6×8 ya bada 48, a raba da 2, 24. Amma ka ja masa kunne wannan na lamba biyu ne kaɗai, in sun kai uku ya koma farfasawa.

Tambaya: Malam ya ake yin wacce ake cewa akwai saura? An jera ɗalibai shida-shida saura 3, takwas-takwas saura 3, goma-goma ma saura 3, mafi ƙarancin yawansu nawa?

Amsa: Ƙanena ka fara cire mutum ukun nan ka tsayar dasu gefe guda. Waɗanda suka rage yanzu suna jeruwa a 6 da 8 da 10 ba saura, kaga LCM kenan. 6 shine 2×3, 8 shine 2×2×2, 10 shine 2×5, ka ɗauki 2×2×2×3×5 ya baka 120, sai ka dawo da ukun da ka ajiye, 123. Ka gwada da kanka kafin ka yarda dani: layi 20 na shida-shida 120 ne saura 3, layi 15 na takwas-takwas haka, layi 12 na goma-goma ma haka. Abu ɗaya zaka kula dashi, wannan dabarar tana aiki ne saboda sauran iri ɗaya ne a duka ukun. In da ance saura 1 a nan saura 4 a can, hanyar ta ɗan bambanta, ka turo min irinta in mun samu fili mu warware ta a fitowa ta gaba insha Allah.