Kyaftin ya ce in sa leda in sauke kilo huɗu

Tambaya: Koci, ina ƙungiyar tuƙin kwale-kwale ta makarantarmu, muna fita tafkin Jabi da ke Abuja sau huɗu a mako. Nauyina kilo 76. Kyaftin ya ce in ina son ajin marasa nauyi sai na sauke kilo huɗu cikin kwana goma: in sa leda ƙarƙashin riga in yi gudu da rana, in rage shan ruwa. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ni a tsakiyar tafki har filafili ya kuɓuce mini. In ci gaba?

Amsa: Ƙanena, ledar nan ka jefa ta a shara yau, kada kuma ka sake hawa ruwa sai likita ya duba ka.

Na gaji da wannan al'ada. Duk shekara sai wani ya gado ta daga na gabansa, ya koya wa sababbi kamar wani sirri. Abin da ke sauka a ma'auni ruwa ne, kitsen yana nan daram. Litar gumi ɗaya kilo ɗaya ce, ka sha ruwa ta dawo. Kuma da zarar mutum ya rasa kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa ta hanyar gumi, ƙarfinsa ya soma ja da baya. A jikinka kilo ɗaya da rabi ke nan, kyaftin kuwa huɗu yake nema! Jini ya yi kauri, zuciya ta riƙa bugu da sauri, ƙoda ta sha wuya, ga leda ta hana gumin bushewa balle jiki ya huce. A zafin Abuja na Maris da Afrilu? Wanda jiri ya kayar a fili ƙasa ce za ta tare shi. Kai ƙafafunka suna cikin takalman da ke manne da jirgi, ƙarƙashinka ruwa.

Ko ka kai kilo 72.5, wato iyakar nauyin ajin marasa nauyi na maza, ana awo ne awa ɗaya zuwa biyu kafin tsere. Me za ka mayar a wannan ɗan lokaci da zai kai ka ƙarshen tseren mita 2,000? Ajin ma an yi sallama da shi a gasar Olamfik tun bayan gasar Paris 2024.

Ka tsaya a ajin kowa da kowa. Yawancin fitarku ta zama doguwa, awa guda bayan asuba, jan filafili 18 zuwa 20 a minti, yadda za ka iya magana da na bayanka. Mai tsanani sau biyu a mako ya isa, da yini guda na hutu. Ka hau ma'auni kafin fita da bayan dawowa, abin da ya ragu ka mayar da ruwa. In fitsari ya koma kalar shayi ko ya ƙi zuwa, asibiti kai tsaye, ba sai ka nemi izinin kyaftin ba.