Katin Gargaɗi Kaɗai Ya Isa Kafin a Buɗe Tankin Iska?

Malam, ka tambaya ko rataya katin gargaɗi a kan bawul, wato abin da ake murɗawa a buɗe ko a rufe hanyar iska ko tururi, ya wadatar kafin a buɗe tankin iska ko bututun tururi don gyara. Bai wadatar ba. Kati sanarwa ce kawai, ba ya hana wani murɗa bawul. Aikinsa ya nuna sunan mai gyara, da kwanan wata, da dalilin rufewa.

Ka kashe injin, ka rufe bawul, ka sa masa kwaɗo, sannan ka ɗaura katin da igiyar roba wadda sai an yanke take fita. Jan kati na haɗarin da ka iya kisa ne, mai ruwan ɗorawa kuma na hattara.

Sauke matsin da ya rage shi ne inda aka fi sakaci. Kwampreso, wato injin da ke matsa iska cikin tanki, a kashe yake, amma tankinsa cike yake da iska, injin haidirolik, mai aiki da matsin mai, shi ma yakan riƙe matsi bayan an yanke masa wuta. Buɗe bawul ɗin fitarwa, ka bar shi a buɗe. Kada ka saki jiki don allurar ma'aunin matsi ta nuna 0, takan maƙale. Sassauta noti a hankali, kana gefe, kunnenka na sauraron huci.

Wanda ya rataya kati shi ke cire shi, ko da an sauya ma'aikata. Katin da rubutunsa ya goge kuwa, gara a sauya shi da sabo nan take.

In ka ga tsatsa ta ci tankin, ko bawul ɗin kariya, mai sakin iska da kansa in matsi ya yi yawa, ya ƙi buɗewa, kira injiniya mai izinin duba irin waɗannan tankuna. Kada ka bari a yi masa walda kafin ya gani.