Me Ya Sa Maɓallina Ya Ƙanƙance A Wata Waya?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhajar Android. Na sa tsayin maɓalli 48 a cikin shirin, ya fito daidai a tsohuwar wayata, amma a ta ƙanena ya zama ɗan mitsitsi. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan 48 ɗin Android ya ɗauke shi ne a matsayin ɗigon allo, su kuwa ɗigon ba girmansu ɗaya ba. Shi ya sa ake auna girma da dp, wato ma'aunin da girmansa ba ya canjawa da yawan ɗigon allo. A allon da ke da ɗigo 160 a inci guda, dp ɗaya ɗigo ɗaya ne. A mai ɗigo 480, dp ɗaya ɗigo uku ne. Ka ga kenan a irin wannan allo ɗigo 144 ake bukata don a samu dp 48.

Kana iya ninka adadin da resources.displayMetrics.density yayin da manhajar ke aiki. Ni dai na fi son a ajiye ma'aunin da dp a fayil ɗin dimens.xml, a ɗauko shi da getDimensionPixelSize. In kana son wani girma dabam a babban allo, ka buɗe jakar fayiloli mai suna values-sw600dp ka sa wani dimens.xml a ciki, tsarin zai zaɓa da kansa.

Kada ka adana faɗin allo sau ɗaya ka dogara da shi. Juya waya ko buɗe mai naɗewa yana canja shi.

Rubutu kuwa, don Allah ka auna shi da sp, wato ma'aunin da ke bin girman haruffan da mai waya ya zaɓa. Akwai masu raunin gani da ke ƙara girman haruffa, kuma daga Android 14 ƙarin yana kaiwa ninki biyu, amma ba kowane girman rubutu ake ninkawa da adadi ɗaya ba. Don haka TypedValue.applyDimension za ka bar wa lissafin.