Kada ka yanke ranar ƙarshe

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kun biya kuɗin yawon kallon tsuntsaye na kwana huɗu a duwatsun Jos, jagoranku ya sa fita da asuba a rana ta huɗu, kai kuma kana son ka haƙura da ita ka kama hanyar Kano da sassafe, tunda kwana uku sun isa a ga abin da za a gani. Ni dai shawarata ka tsaya. Bari in ba ka abin da ya faru da ni.

A watan Oktoba muka je, mu shida, damina tana sallama. Yawancin fitarmu a dajin Amurum muka yi, kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin garin Jos. Nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wadda aka kafa a 2001, tana aiki da Jami'ar Jos. Wurin bai fi hekta 300 ba, amma irin tsuntsayen da aka ƙidaya a cikinsa sun haura 300. Rana guda kuma muka hau duwatsun Shere, masu tsayin sama da mita 1,800, inda gwiwa ta gaya mana gaskiya.

Kwana biyun farko, wallahi ni ɗan rakiya ne kawai. Jagora zai ɗaga hannu ya ce ga shi can, kafin in kai madubin hangen nesa idona, reshe kaɗai nake tararwa yana lilo. Waɗanda na sani tun ina yaro, irin su cilakowa da ragon maza da hasbiya, su nake iya kamawa. Kazar dutse kuwa kukanta kawai muke ji da safe daga tsakanin fannai. Sai a rana ta uku hannuna ya koyi abin da ake ta faɗa mini: ka kafe ido a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin ya same ka, kada ka sunkuya nemansa. To ka gani, daidai lokacin da ido da kunne suka fara wayewa, lokacin ne kake son tafiya.

Akwai tsuntsu guda da ya kai mu Amurum, har daren ƙarshe ba mu gan shi ba. Dangin ba'u ne, ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar gero, sai dai wannan a duwatsu yake zama. Masana ba su ba shi suna ba sai a 1998, kuma yadda aka gano shi ma abin mamaki ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu a yankin wanda ba ya yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wani, a ƙyanƙyashe mata, a ciyar mata. Ɗan da ya tashi a gidan riƙo yakan koyi kukan uban riƙonsa, ya girma yana rera shi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, shi ya ji baƙin yana kwaikwayon kukan da bai dace da na kowane ba'u da aka sani ba. Bin sawun kukan nan ne ya kai ga mai gidan.

Ranar ƙarshe muka yi sallar asuba, muka sha shayi a tsaye, sanyin Jos yana ratsa rigar sanyi. Jagoran bai yi ta yawo da mu kamar sauran kwanakin ba. Ya bi da mu ta gefen wata gonar acca mai shingen kerana, raɓa ta jiƙe mana wando har gwiwa, ya zaunar da mu a gindin wani fa, ya ce kowa ya kashe waya. Mun fi rabin awa ba abin da ya motsa sai tururuwa. Wani daga cikinmu har ya fara duba agogo.

Baƙin ne ya fara zuwa. Ya sauka a ƙololuwar wata busasshiyar bishiya, bakinsa fari, jikinsa yana ɗaukar ido da ɗan kore in rana ta taɓa shi, ya shiga rera kuka. Jagoran ya raɗa mana cewa mu riƙe sautin nan a kunne. Can sai muka ji irinsa daga ƙasa, cikin ciyawar da ke tsagar dutsen. Na kafe ido a wurin, na ɗago madubi. Ga shi nan, bai kai taku goma ba: gadon baya ja wur, saman kai ruwan toka, baki shuɗi-shuɗi, yana jan zangarniyar ciyawa da baki yana zube 'ya'yan. Matarsa na bayansa, launinta bai kai nasa ba. Ban san na riƙe numfashi ba sai da suka shige ƙarƙashin dutsen. Da na tafi tun asuba, da a hoton wani zan ga wannan.

Zancen hanya kuwa, ina tare da kai, ban yarda a yi dare a hanyar Saminaka ba. Abin yi shi ne ka haɗa kayanka tun dare, ka sallami masauki, mota ta sha mai, ka gaya wa jagora ƙarfe goma za ka tashi. Tsuntsaye ma daga hantsi sun lafa, ba abin da za ka rasa. Kuma tun daren ku zauna da shi ku zaɓi tsuntsu ɗaya ko biyu da suka rage muku, a kansu za a ƙarar da safiyar. In wani ya ce a kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, ka hana, musamman a lokacin sheƙa. Yin haka tayar da uba ne daga kan 'ya'yansa ya zo faɗa da abokin gabar da babu shi.

Kada kuma ka manta da ihsanin jagora bayan kuɗin da aka yi ciniki. Namu ya san dutsen da tsuntsun nan ke kwana ne saboda shekarun da ya yi yana fita cikin raɓa. Mu ƙarfe goma da rabi muka tashi, muka tsaya sayen dankalin Turawa a bakin hanya, kuma a gida na yi magariba, wandon nan bai gama bushewa a cikin jaka ba.